Magajiya da Kwanannen Ruwa

Ranar da Sa'adiyya za ta tafi Babura wankan gida, mota ta riga ta tsaya a ƙofa, jariri na hannun ƙanwarta, sai ta sake komawa falo ta tsaya gaban akwatin gilashin nan nata. Kifaye biyar ne a ciki. Huɗu ƙanana ne jajaye, sai babbarsu, fara mai jan tabo a ka, wadda take kira Magajiya. Tun tana kwalejin horon malamai take kiwon Magajiya. Ranar da aka kawo Sa'adiyya gidan miji ma, wata ƙawarta ce ta rungumo kifin a bokiti bisa cinya tun daga Babura har Kazaure, ruwa na fantsalar mata a leshi, tana ta mita.

Ina wurin aka yi sallamar, don katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, kuma mijin nata, Sabiru, ɗan wana ne. Ta miƙa masa wata 'yar kwalba.

"Duk sati ka kwashe kwatan ruwan, ka zuba sabo. Kwata fa, ba duka ba. Kafin ka zuba, ka ɗiga wannan a bokiti, ɗigo kaɗan. Ruwan famfo akwai kulorin, yana ƙona musu wurin numfashi."

"Haba Malama, kifi ne fa. Ni da nake riƙe da fayil ɗin ma'aikatan ƙaramar hukuma guda."

"Fayil ba ya mutuwa."

"To na ɗauki amana. In kin dawo kin tarar ko ɗaya ya yi tari, ki kama ni. Ga Gwaggo shaida."

Na ce ni ban ga dalilin sa ni a ciki ba, amma tunda an sa ni, na ji.

Sabiru yaro ne mai hankali, sai dai yana da ciwon da mazan gidanmu duk suke da shi: in likita ya ce ƙwaya ɗaya, su a ganinsu biyu ta fi saurin aiki. Ɗigo bai yi masa kama da magani ba, sai ya riƙa cika murfin kwalbar yana tuttulawa. Kuma da yake yana son ganin gilashin na ƙyalli, bai tsaya jiran sati ba, da ya ga ruwan ya ɗan canza launi sai ya kwashe fiye da rabi ya sake. Kafin jariri ya san fuskar kakanninsa na Babura, kwalba ta ƙare. Ya zagaya Kazaure da ita a aljihu. A shagon maganin dabbobi aka juya ta, aka karanta, aka ce babu, amma akwai maganin tsutsar awaki mai kyau. Wani ya ce masa sai dai Kano.

A ofis ya samo mafita, wurin wani abokin aikinsa Musaddiƙ, wanda bai taɓa kiwon ko ƙadangare ba amma babu tambayar da ba shi da amsarta. Sabiru ya shigo gidana da murnarsa.

"Gwaggo, ashe wahalar banza ce. Ka tara ruwa a bokiti, ka bar shi a buɗe ya kwana, kulorin ɗin ya bi iska. Shi ke nan."

"Wa ya gwada?"

"Ai kowa ya sani."

Ni kuwa wannan "kowa ya sani" na daɗe da saninsa. Lokacin da nake aikin unguwarzoma a asibiti, kowa ya san nonon farko dauɗa ne, a matse a zubar, a ɗura wa jariri ruwan dabino. Kowa ya san mai jego sai ta sha kanwa har ƙafafunta su kumbura. To amma maganar Musaddiƙ ba ta yi kama da shirme ba, don ni ma na lura ruwan randa in ya kwana warin maganin nan na raguwa. Sai na ce Allah ya sa a dace, na ci gaba da tsince shinkafata.

A satin ne Dela ta iso daga Roni a bayan ɗan acaba, da ƙullin kayanta da galan ɗin man shanu. Ita ce mahaifiyar Sabiru, matar marigayi wana. Ta ji an ce tun da matarsa ta tafi, a wurin mai shayi yake cin abincin dare, ta ce ba ta haifi maraya ba.

Sai na yi bayanin Dela, don in ban yi ba, abin da ya biyo baya ba zai shiga kai ba. Dela Bafulatana ce ta gaske, kuma Sabiru ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ta yi masa magana ba. In ta gama tuwo, su biyu ne kawai a gidan, sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa masu gida abinci ya sauka." Shi kuma ya fuskanci ƙofa ya ce, "A ce an gode." In maganar ta fi ƙarfin bango, ni ake kira. Na sha faɗa mata wannan kunya ta wuce kima, ta ce ai ni boko ya wanke min ido tun ina 'yar mitsitsiya. Ƙanwar miji ce ni, don haka muna faɗa wa juna abin da muka ga dama.

Sabiru ya sayo bokitai biyu sababbi masu murfi. Da yamma ya tara ruwa, ya jera su a baranda, ya jingine murafen a gefe, ya tafi masallaci. Da safe ya dawo daga sallah ya same su a buɗe kamar yadda ya bari, ya kwashe ruwan kifi, ya juye wannan.

Kafin ya sa takalmin ofis kifayen sun taso sama suna buɗe baki kamar masu neman magana. Da ya dawo da yamma ɗaya daga cikin jajayen ya juya ciki sama.

"Ƙila dama kwanansa ne ya ƙare," in ji Sabiru, yana riƙe da gawar a cokali.

"Ƙila. Ka gaya wa mai su?"

"Gwaggo, mai jego ce. Ana tayar mata da hankali nono zai ɗauke."

"Wannan ma kowa ya sani ne?"

Da Sa'adiyya ta bugo waya a ranar ina jin sa ta kan katanga yana cewa, "Lafiyarsu ƙalau, suna ma gaishe ki."

Musaddiƙ ya ce ai tunda ɗaya ya mutu, ruwan ya gurɓace, a sake shi gaba ɗaya. Sabiru ya sake tara ruwa, ya kwana, ya juye. Na biyu ya bi ɗan'uwansa. Magajiya kuwa, wadda da in ka matso gilashin take tahowa da rangwaɗa kamar uwar biki, ta koma lungu bayan wani dutse ta daina cin abinci. Gefen kanta, wurin da take numfashi, ya yi ja kamar an goga barkono.

Ran nan da magariba na shiga gidan in karɓi man shanun da Dela ta yi min alkawari. Sabiru ya fita masallaci ke nan. Sai na tarar da ita a baranda ta sunkuya, tana bisimilla, tana danna murfi a kan bokiti har sai da ya yi ƙara. Ta danna na biyun, ta kawo dutsen niƙa ta ɗora a kan ɗaya, turmin daka yaji a kan ɗayan.

"Dela, me kike yi haka?"

"Abin da uwar kowa ta koya masa. Ruwa ya kwana a buɗe a gidan Musulmi? Ke ba ki san abin da ke sauka da dare ba? Wancan ya girma, har ya haihu, amma rufe ruwa ya gagare shi."

"Tun yaushe kike rufewa?"

"Tun da na zo."

"To ya aka yi yake samunsu a buɗe da safe?"

Ta kalle ni kamar na tambaye ta ko shanu na da ƙaho. "Da asuba nake buɗewa, in mayar da murafen inda ya jingine. So kike ya gane ina gyara masa aiki, ya ji kunya a gidansa?"

Sai da na nemi kujera na zauna, don dariya ta hana ni tsayuwa. Ɗa yana buɗewa don kifi, uwa tana rufewa don Allah, tana kuma buɗewa don kada ran ɗa ya ɓaci, kuma tsakaninsu babu mai iya cewa uffan. Da na samu numfashi na yi mata bayani: akwai magani a ruwan famfo, mu ba ya yi mana komai, su kuwa kifi yana kashe su, kuma sai an bar ruwan ya sha iska maganin ke fita.

Dela ta leƙa falo ta taga, ta daɗe tana kallon akwatin.

"Wato ni na kashe wa 'yar mutane dabbobi."

"Ke da ɗanki da wani Musaddiƙ, kowa da rabonsa."

"To amma ki ji, Fatu. Gidan da nake kwana, ruwa ba zai kwana tsirara ba. Ko kifin sarki ne."

Muka yi ta ja. Na ce a kai bokitan gidana, ta ce ai can ma dare ne. Na ce ba mutum zai sha ba, ta ce kifin ba rai gare shi ba? Can sai ita da kanta ta tuna. A rugarsu, in ƙwarya ta rasa faifai, kara ake gittawa a kai a yi bisimilla, kuma malamai sun ce ya wadatar. Ta shiga kicin ta zaro tsinken tsintsiya biyu masu kauri, ta gitta ɗaya a kan kowane bokiti, ta karanta abin da za ta karanta. Iska ta samu hanya, Dela ta samu barci.

Da Sabiru ya dawo ya ga tsinke, na ja shi gefe na gaya masa komai. Sai ya fuskanci ƙofar ɗakin da uwarsa take ya ce, "A ce sannu da ƙoƙari." Daga ciki aka ce, "A ce Allah ya ba dabbobi lafiya."

Duk mun ɗauka magana ta ƙare. Sabiru har ya bar ruwan ya ƙara kwana, don a tabbata. Amma da ya zo zubawa na sa hanci a bokitin, sai na ji har yanzu akwai wani ɗan wari a ƙasa-ƙasa, ba mai hawa kai irin na famfo ba, irin wanda ke maƙalewa a tawul. Na ce masa ni fa ban yarda da ruwan nan ba. Ya ce Gwaggo ai ke ko ruwan Zamzam aka kawo sai kin nemi takardarsa. Ya juye.

Washegari Asabar, da hantsi, na uku ya tafi. Saura Magajiya da ƙaramin cikinsu. Magajiya ta taso saman ruwa ta karkace, tana numfashi da kyar, jelarta a sake kamar tsumma. Ga shi an ɗauke wuta, ɗan injin da ke busa musu iska ya yi tsit.

Maƙwabta suka fara kawo ilimi. Wani ya ce a jefa alif. Wata ta ce gishiri. Musaddiƙ ya bugo ya ce a shanya ruwan a rana, dama ya manta bai faɗi wannan ba. Sabiru ya tsaya tsakiyar falo da bokiti a hannu, gumi na bin wuyansa, yana shirin sake kwashe ruwan duka.

"Ajiye bokitin nan ka kira matarka," na ce. "Kimiyya take koyarwa. Ita ta san abinta."

"Gwaggo, in ce mata me? Jiya-jiya na ce mata har ƙiba suka yi. Kuma a gaban iyayenta za ta ɗauka. Bari dai in gwada na ranar."

"Kafin ranar ta gama aiki ka yi jana'iza ta huɗu."

"Ba zan iya ba, wallahi."

Dela na bakin ƙofar falo a tsaye, ta ba shi baya kamar kullum. Sai na ga ta kwance bakin zaninta, ta fito da 'yar wayarta, irin mai madannai ɗin nan da in ana magana a cikinta har maƙwabta na ji. Ta miƙo min.

"Fatu, nemo min yarinyar Babura."

Sabiru ya ce wa labule, "A ce don Allah a bari." Dela ta ce wa silin, "A ce ba da kowa ake ba."

Sa'adiyya ta ɗauka da sallama, muryarta ta cika falon. Dela ba ta yi gaggawa ba. Ta tambayi jego, ta tambayi ruwan zafi, ta tambayi maigida ƙarami Muhammadu Lawal ko yana barci, ta gaida iyaye ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi damina a Babura ko gero ya fara fitar da kai. Ni ina kallon Magajiya tana ƙara karkacewa, kamar in fizge wayar. Sai da gaisuwa ta cika sannan ta ce:

"To 'yar nan, kifinki na mutuwa. Uku sun tafi. Babbar ma ga ta nan rai a hannun Allah. Akwai hannuna a ciki, na rufe ruwan da aka ce a bari a buɗe. Amma an buɗe, ba ta canza ba. Faɗi abin da za a yi."

Muka jiyo kukan akuya daga can Babura. Sannan Sa'adiyya ta ce, cikin ladabi amma da muryar aji, "Inna, ina kwalbar da na bari?"

Dela ta ce, "An shanye."

"To. Ruwan da ya kwana a buɗe, akwai sauran wari?"

Na matso na ce akwai, kaɗan, ni na shinshina.

"Gwaggo, ina kwana. To zargina ke nan. Inna, maganin da ake sa wa ruwan famfo, kulorin, in shi kaɗai ne ba ya zama, iska na kwashe shi. Amma akwai wani abu da ake kira amoniya, irin wanda ke cikin taki da fitsarin dabbobi. In suka haɗu sai su riƙe juna su zama wani abu daban, kuloramin. Shi wannan ko sati ya yi a buɗe yana nan daram. Yanzu damina ce, ruwa ya wanko gonaki, ga shi an saba ƙara magani a irin wannan lokaci. Ban auna ba, amma alamun sun yi kama."

"Wato ɗaya baƙo ne, ɗaya kuma ya kafa bukka," in ji Dela.

"Haka ne, Inna. Mai bukkar sai an tashe shi."

Sabiru ya matso kusa da ni ya raɗa min in tambaya ko a zuba ruwan leda. Wayar Dela ba ta san raɗa ba. Sa'adiyya ta ce, "A gaya wa mai tambaya ban san abin da masu ledar suka sa a nasu ba, kuma kada ya kuskura ya tari na indararo, kwanon rufin nan duk tsatsa ne. A je kyamis a sayo bitamin si, fara, wadda ba zaƙi ba kala. Ƙwaya ɗaya a bokiti. A murƙushe ta ta zama gari, a dama, a ɗan jira. Tana kashe kulorin ɗin, ko shi kaɗai ne ko ya kafa bukka. Sauran amoniyar kaɗan ce, soson tace ruwa da ke cikin akwatin zai ji da ita, in dai ba a wanke shi da sabulu ba. An wanke?"

Sabiru ya girgiza kai da sauri. Na ce an ce ba a wanke ba.

"Alhamdulillahi. Kwata kawai za a canza, a zuba a hankali. Kada a ba su abinci yau. Akwai wuta?"

"Babu."

"To Inna, a samu kofi mai tsabta, a riƙa ɗibar ruwan akwatin ana zubawa daga sama, kamar ana fifita koko. Iska suke nema."

Sabiru ya tashi babur kamar an koro shi. Dela ta ɗauko sabon ludayin duma da ta zo da shi, ta ja kujera 'yar tsugune gaban gilashin, ta fara ɗiba tana sheƙawa. Hannun da ya shekara yana dama fura bai san gajiya ba. Tana yi tana yi wa kifin magana da Fulatanci, a hankali, irin yadda ake lallashin saniya mai naƙuda.

Ba a jima ba Sabiru ya dawo yana haki, ya zazzage leda a kan tebur. Ƙwayoyi ne ruwan lemo, irin waɗanda yara ke tsotsa.

"Halliru mai kyamis ya ce waɗannan sun fi, har ɗanɗano gare su."

Dela ba ta juyo ba, ba ta daina sheƙa ruwa ba. Ta ce wa Magajiya, "An ce fara."

Ya tattara ledarsa ya koma.

Da farar ta iso ni na murƙushe ta tsakanin cokula biyu, don na ga idon Sabiru na kan ƙwaya ta biyu. Muka dama a bokiti, muka jira. Na sa hanci. Warin nan babu shi, ko ƙasa-ƙasa. Na ba Dela ta shinshina, ta gyaɗa kai. Sabiru ya kwashe kwata, wannan karon kwata na gaskiya, ya riƙa zuba sabon da kofi a jikin gilashi kamar mai zuba turare.

Daga nan sai jira. Ba wani abin mamaki da ya faru nan take, kifi ba ya tashi ya yi godiya. Muka yi azahar, Dela ta koma kan ludayinta, na karɓe ta, ta ce ban iya ba, ta karɓe. Wajen la'asar aka kawo wuta, injin ya fara kumfa. Can sai Magajiya ta daidaita, ta sauka daga saman ruwa, ta zagaya dutsen nan sau ɗaya a hankali kamar tsohuwa mai gwada ƙafa bayan jinya. Ƙaramin, wanda ba wanda ya kula da shi tun safe, ya bi bayanta.

Washegari muka sake canza kwata da ruwan bitamin. Da yamma jan da ke gefen kanta ya fara sauka, kuma da Dela ta matso gilashin sai ga ta ta taho. Da Sa'adiyya ta bugo wayar Dela, ta ce a jefa mata ƙwayar abinci biyu a gani. Ta haɗiye, ta tsaya jiran ƙari.

A wannan kiran ne Dela ta yi tambayar da ke cinta.

"'Yar nan, tunda ga wannan ƙwaya, ruwan sai ya kwana a buɗe?"

"A'a Inna, ko yanzu aka tara aka dama, ya yi. A rufe shi ruf."

Dela ta kalle ni ta gefen ido. "Kin ji ko, 'yar boko."

Sannan Sa'adiyya ta ce, "Inna, in mai gidan na kusa, a ba shi."

Dela ta ajiye wayar a kan tebur ta fita tsakar gida, wai za ta duba tukunya. Ni ban ga tukunyar da zan duba ba, na zauna. Sabiru ya ɗauka da hannu biyu.

"Malama, ina wuni. Ya Lawal?"

"Lafiya lau. Yallaɓai, tambaya gare ni. Su wane ne suke gaishe ni duk kwanakin nan?"

"Wato, lokacin da suka gaishe ki ɗin, wasunsu na da rai."

"Wasunsu."

"Na ji tsoron kada hankalinki ya tashi ne, nono ya ɗauke."

"Ɗanka na nan ya ƙoshi har yana gyatsa. Da ka kira ni ranar da kwalba ta ƙare, da yanzu biyar ne." Ta ci gaba da cewa, "Na sa yayana ya sayo wata a Kano, direban motar Kazaure zai kawo ranar Talata. Bitamin ɗin na wucin gadi ne. In ta iso, ba hannunka za ta shiga ba, a ba Inna. Ita za ta riƙa ɗigawa, ita za ta ba su abinci, ita za ta ce yau a canza ko a bari."

"To ni fa?"

"Bokiti da nauyi. Inna ba za ta ɗauka ba."

Sabiru ya juyo ya kalle ni, ko zan sa baki. Na ce ai shi ya kafa ni shaida, kuma abin da na gani ke nan.

Ranar Talata kwalba ta iso, Dela ta ƙulle ta a bakin zani tare da wayarta. Ta ce ba za ta koma Roni ba sai mai kifi ta dawo ta karɓi abinta hannu da hannu, gyaɗarta ta can kuwa maƙwabta sa duba. Ranar Asabar da safe ina shanya na jiyo ta ta kan katanga, tana sanar da baranda cewa yau ranar ruwa ce, kuma kwata aka ce. Sai ƙarar bokiti a bakin famfo, da muryar babban jami'in fayil na ƙaramar hukuma yana tambayar ƙofa ko a cika ko a bar wuya.